Waiwaye: makarantar rawar da ta watse tun kafin a fara zancen lisans

Tun da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta buɗe sashen fasaha da al'adu a shekarun 2010, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ana yin ta a fadar samari, ana yin ta a gidajen da yaro ya samu bak, wato takardar gama sakandare, aka zauna shawarar abin da zai karanta: shin rawa ma ta isa a ware mata lisans nata, wato digirin farko, shekara uku cur, kamar lissafi ko shari'a? Masu goyon baya suna cewa ai maƙwabta sun daɗe da yi. Iyaye kuma tambayarsu guda ce: "To in ya gama, me zai ci da ita?" Wasu na ganin abin kwaikwayon Turawa ne kawai, wasu na kawo hujjar addini, wasu kuma na cewa raina maroƙa ne ya hana. Kusan kowa a cikin gardamar yana magana kamar yau aka fara tunanin koyar da rawa a Nijar, alhali kuwa an yi, kuma an yi da gaske.

Tarihin waje sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. A 1926 Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta fara ba da digirin rawa. A 1962 Jami'ar Gana da ke Legon ta kafa makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo tare da ƙungiyar rawa ta ƙasa. A 1977 aka buɗe makarantar rawa ta Mudra Afrique a Dakar ƙarƙashin Germaine Acogny, wadda daga baya ta kafa École des Sables a Toubab Dialaw. Wagadugu ta samu cibiyar rawa ta La Termitière a 2006. Ita kuwa jami'armu, da aka aza harsashinta a 1971, an gina ta ne don samar da malaman makaranta, likitoci, ma'aikatan noma da na ofis, kuma ƙasar da ta fito daga mulkin mallaka da ƙarancin ma'aikata ba za a ga laifinta ba a kan haka.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a daidai shekarun da Dakar ke gina makarantarta, Nijar tana da tata, sai dai ba ta da allo ba ta da takardar shaida. Samariya ce. Bayan 1974 aka farfaɗo da wannan tsohon tsarin na sarkin samari da muƙarrabansa, aka shimfiɗa shi daga ƙauye har birni, kuma a 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa karo na farko a Damagaram. Daga nan bikin ya riƙa zagaya manyan garuruwa. Kafin ƙungiya ta kai can sai ta tsallake gasar ƙaramar hukuma, ta tsallake ta jiha, a fannonin waƙa, kiɗa, wasan kwaikwayo da rawar da ake kira bale.

Duk wanda ya girma a wata unguwar Tawa ko Yamai a lokacin ya san yadda ake shiri. Bayan sallar isha'i ake haɗuwa a filin samariya. Makaɗa sun ɗaure kalangu, wani na gasa fatar ganga a bakin wuta don ta yi zaƙi. Mai tsara rawar sau da yawa malamin firamare ne, mushe da ke riƙe da littafin rubutu yana zana inda kowa zai tsaya. Amma ba shi ne ya san takun ba. Takun yana wurin wata tsohuwa da aka ɗauko daga cikin gida, ta ɗaure zane a ƙugu ta nuna wa 'yan mata inda ake sauke diddige, ta ce, "A'a 'yata, ba da kafaɗa ake fara ta ba, saurari gangar tukuna." A maimaita sau goma, sau ashirin, har ƙura ta turnuƙe. Wata biyu ko uku ana haka kafin gasa.

Wannan koyarwa ce cikakkiya, ko da ba a kira ta da sunan ba. Akwai malami, akwai ɗalibi, akwai gyara, akwai jarrabawa a gaban alƙalai. Har bincike akwai, domin ƙungiyar da ke son cin gasa sai ta koma ƙauye ta tono rawar maharba ko ta manoma wadda ba a taɓa kaiwa dandali ba, ta tambayi tsofaffi ma'anar kowane juyi. Kuma a wurin bikin ne ɗan Adar ke ganin bitti ta Zabarmawa, ɗan Dosso ya ga tende ta Abzinawa da rawar yake ta Wodaɓe da idonsa. Iyayen da ke barin 'ya'yansu mata su je filin nan Musulmi ne kamar na yau. Sun yarda ne don sun san wanda ke kula da yaran, sun san lokacin tashi, sun san wanda zai rako su gida. Shi ya sa nake ganin masu ɗora komai a kan addini ko a kan raina maroƙa suna barin babban sashen labarin.

Rauni ɗaya ne tsarin ke da shi, kuma shi ya kashe shi. Ilimin duka an ajiye shi ne a cikin ƙungiyar da ke jingine da tsarin mulkin lokacin, kuma a cikin gasa. Ba a mayar da shi manhaja ba, ba a rubuta takun ba, ba a ba waccan tsohuwa ko makaɗinta wani matsayi da zai rayu bayan an tashi daga biki ba. Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aljihun gwamnati ya ƙuntata, bikin ya fara ja da baya. Da aka zo Babban Taron Ƙasa na 1991 aka shiga siyasar jam'iyyu da yawa, samariya a matsayinta na ƙungiyar ƙasa ta watse, samari suka koma jam'iyyu da fada. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina koyar da rawa. Mutane suna ta kokawar 'yanci da albashi da shekarun karatun da ake sokewa, ga karyewar darajar sefa a 1994. Rawa ta zama kamar hatsin da aka zuba a rumbun aro: ranar da aka rushe rumbun, babu wanda ya tuna da abin da ke ciki.

A kwatanta da kokowa. Ita ma a wannan zamanin aka ɗaukaka ta, gasar ƙasa ta farko a Tawa aka yi ta a 1975. Amma kokowa ta samu dokoki rubutattu, alƙalan da aka horar, hukumarta, da filayenta na kanta a manyan garuruwa, don haka sauyin siyasa ya zo ya wuce ana ci gaba da neman takobin da ake ba zakaran ƙasa. Kiɗa ma ya tsira da wani abu: gasar Dan Gourmou, da cibiyar koyon kiɗa ta Taya da aka buɗe a Yamai a ƙarshen shekarun 1980. Rawa ce ta fito hannu rabbana. (Faifan da talabijin ta ɗauka a bukukuwan nan, duk inda suke, sun fi kowane littafi daraja ga wanda zai koyar da ita.)

Ba a daina rawa ba, ko kusa. Ana yi a biki da suna, matasan Yamai sun rungumi hip hop, finafinan Kano sun kawo nasu salon, wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2005 sun cika birnin da ƙungiyoyi, bukukuwan ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba irin su Tahoua Sakola na 2017 sun sake tara 'yan rawa. Sai dai duk wannan na lokaci ne. A tara yara wata ɗaya, a yi wasa, a ba su ɗan abin da ya samu, kowa ya kama gabansa. Wanda ya ɗauki abin sana'a sai ya nemi kuɗin mota zuwa Wagadugu ko Senegal ya yi horon 'yan makonni, ya dawo da salon zamani mai kyau, amma sau da yawa bai san rawar garin kakarsa ba. Yaron da ya tashi a wannan yanayi bai taɓa ganin rawa a matsayin abin da ake zama a koya ba, mahaifinsa kuma bai taɓa ganin wanda ta ba albashi ba. Tambayar "me zai ci da ita" daga nan ta fito, kuma tambaya ce ta gaskiya.

Lisans a tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta, zango shida ne. Inda ake karanta rawa, ana cika su da sanin gaɓoɓin jiki da yadda ake kare su daga rauni, tarihin raye-raye, tsara rawa, dabarun koyarwa, rubuta motsi da alamomi irin na masanin rawa Laban, da awoyi masu yawa na atisaye a kan daɓe. Rabin wannan ana iya samun malamansa a Yamai gobe. Ɗaya rabin, wato raye-rayenmu kansu, yana jikin mutanen da suka taka a Damagaram a 1976 suna 'yan shekara 18, waɗanda yanzu sun doshi 70, kuma akasarinsu ba su da ko takardar gama firamare, balle digirin da ake nema kafin mutum ya tsaya gaban aji a jami'a. A Legon an warware wannan tun farko ta hanyar ɗaukar gwanayen makaɗa da 'yan rawa na gargajiya aiki, suna koyarwa kafaɗa da kafaɗa da masu digiri. A gardamar da ake yi a Yamai, har yanzu ba a kai ga wannan batun ba.