Ƙa'idar shekara biyar: dalilin da Birtaniya ke jinkirta wa shugabannin kamfanoni ladansu

A manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Landan, albashin wata ba shi ne babban abin da shugaban kamfani ke samu ba. Kaso mai tsoka yana zuwa ne daga ladan ƙarshen shekara da kuma hannun jarin da ake ba shi idan kamfani ya cika wasu sharuɗɗa. A kan wannan hannun jarin ne hukumar FRC, mai sa ido kan rahotannin kuɗi a Birtaniya, ta kafa ƙa'ida a kundinta na tafiyar da kamfanoni na 2018, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019.

Sashe na 36 ya ce daga ranar da aka yi wa shugaba alkawarin hannun jari zuwa ranar da zai iya sayar da shi, a samu shekara biyar ko fiye. Yawancin kamfanoni sukan raba su biyu: shekara uku ana auna ƙwazonsa, sai ya ƙara riƙe jarin shekara biyu. Ko ya bar aiki, ana so ya ci gaba da riƙe wani kaso. Sashe na 37 kuma ya buƙaci a tanadi hanyar hana lada ko ƙwato wanda aka riga aka biya.

To me ya haɗa wannan da ƙirƙira, wato binciken samar da sabbin kayayyaki? Kuɗin bincike ana cire shi ne daga ribar shekarar da aka kashe shi, amfaninsa kuwa sai can gaba, in ma ya zo. Sabon magani yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya shiga kasuwa. Shugaban da ladansa ya rataya a kan ribar bana, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya rage kuɗin masu bincike, riba ta tashi, ya karɓi nasa ya tafi. Sha yanzu magani yanzu ke nan. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005, wanda aka tambayi manyan jami'an kuɗi kusan 400, ya nuna kashi 80 cikin ɗari za su rage kashe kuɗi kan bincike, talla da gyare-gyare don su cika alkawarin ribar da suka yi wa kasuwa.

Sai dai kundin ba doka ce mai hukunci ba. Tsarinsa shi ne "ka bi, ko ka yi bayani": kamfani na iya kauce masa muddin ya faɗi dalili a rahotonsa na shekara. Mai cizo ita ce dokar 2013, wadda ta ba masu hannun jari ikon jefa ƙuri'a kan tsarin biyan daraktoci aƙalla duk shekara uku, kuma idan suka ƙi amincewa, ba a biya da sabon tsarin.

A ganina raunin ƙa'idar shi ne ta tsara lokaci amma ta bar ma'auni a hannun kwamitin albashi na kowane kamfani. Idan kwamitin ya zaɓi auna shugaba da riba kaɗai, matsalar tana nan, an ɗan tsawaita ta ne kawai. Shi ya sa wasu kamfanonin magunguna, irin su AstraZeneca, ke ɗaura wani kaso na ladan a kan yawan magungunan da suka tsallake matakan gwaji ko suka samu amincewar hukuma.