Ɗalibi Mai Hargitsa Aji a Makarantar Firamare: Dalilai da Hanyoyin Gyara

Hargitsa aji shi ne duk wani hali da ɗalibi yake maimaitawa wanda yake katse darasi, ya hana malami koyarwa, ya kuma hana sauran yara sauraro. Ya haɗa da yawan tashi daga wurin zama, da surutu lokacin da ake bayani, da tsokanar na kusa, da ƙwace fensir ko littafin wani, da dambe, da ƙin bin umarni, da ficewa daga aji ba izini. Masana tarbiyya suna bambanta shi da ƙiriniyar da kowane yaro mai lafiya yake yi ta hanyar duba abubuwa uku: yawan aukuwarsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana faruwa, da irin cutarwar da yake jawo wa yaron da abokan karatunsa. Hausa ma tana da wannan bambanci, domin ƙiriniya daban, rashin ji daban, fitsara daban, kangara kuma ita ce ƙarshe. Abin takaici shi ne saurin da ake yi wajen ɗaga yaro ɗan shekara bakwai daga matakin farko zuwa na ƙarshe, kuma da zarar an kira shi kangararre a ofishin malamai, sunan yakan riga shi isa kowane aji da zai shiga.

Abubuwan da ke haddasa shi

Ruwa ba ya tsami banza. Wuri na farko da ya kamata a duba shi ne jikin yaron. Wanda ya fito gida bai karya ba, kuma ba a ba shi kuɗin tara ba, da wuya ya natsu bayan ƙarfe goma, musamman a zafin bazara ƙarƙashin kwano marar silin. Ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, da amosanin jini, da rashin isasshen barci duk suna rage natsuwa. Yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa yana iya rasa rabin abin da ake faɗa, sai a ɗauka raini ne ya sa bai amsa ba, wanda kuma ba ya ganin allo daga baya yakan nemi abin yi da hannunsa. Akwai wani nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da yaro: sai dai ya ƙafe ido na 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo bai san an yi magana ba, kuma sau da yawa duka yake sha a kan haka.

Sai kuma gida. Mutuwar aure, da maraici, da zaman riƙo ko agolanci inda ba a jan yaro a jiki, da ganin ana dukan mahaifiyarsa, da tallar da ke kai yarinya dare, duk suna biyo yaro har cikin aji. A jihar Katsina an sami ƙarin wani dalili mai nauyi a shekarun nan, wato hare-haren 'yan bindiga da suka raba iyalai da ƙauyukansu a ƙananan hukumomi irin su Batsari, Jibiya, Safana, Faskari da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a watan Disamban 2020. Yaran da suka gudo zuwa birnin Katsina da sauran garuruwa suna zaune a azuzuwan firamare tare da kowa. Wanda ya taɓa kwana a daji yana jin harbi yana iya zabura don an buga tebur, ya kai wa wanda ya taɓa shi ta baya naushi, ko ya maƙale a kusa da ƙofa ya ƙi matsawa. Tsoro ne ya zauna masa a jiki, tsawa kuwa ƙara shi take yi.

Dalili na uku, wanda aka fi mantawa da shi, karatun ne kansa. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ga darussa sun koma Turanci, yana zaune ne awa huɗu ko biyar cikin abin da bai fahimta ba, kuma yara da yawa sun gwammace a ce musu marasa ji da a ce musu daƙiƙai. Yawan ɗalibai yana ƙara dagula lamarin. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma aji mai yara tamanin ko ɗari, wasu a benci wasu a ƙasa, ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na cikin gari.

Daga ƙarshe akwai larurori na ƙwaƙwalwa. Wadda aka fi sani ita ce larurar ƙarancin natsuwa da yawan kazar-kazar, wadda likitoci suke kira ADHD, kuma tana shafar kusan kashi 5 cikin 100 na yara. Ba a tabbatar da ita sai alamun sun kai wata shida, sun bayyana kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya. Saboda haka yaron da yake zaune lafiya lau a Islamiyya da yamma amma yake tayar da ƙura a boko da safe, ajin na safe ya kamata a fara bincika.

Gano abin da yaron yake samu

Ginshiƙin aikin gyara shi ne fahimtar cewa halin da ake maimaitawa yana biya wa mai shi wata buƙata. Galibi ɗayan biyu ne: ko yana samun wani abu, kamar kulawar malami da dariyar abokai, ko yana kuɓuta daga wani abu, kamar aikin da ya fi ƙarfinsa. Hanyar ganowa ba ta buƙatar kuɗi. Malami ya ware shafi a bayan littafinsa, ya ja layi uku, duk lokacin da abin ya faru ya rubuta abin da ya gabace shi, da abin da yaron ya yi daidai yadda ido ya gani, da abin da ya biyo baya. “Ya yi iskanci” ba bayani ba ne. “Ya jefi na gabansa da silifa lokacin da na ce a buɗe shafi na goma” shi ne bayani. Mako biyu yakan isa hoton ya fito.

A ɗauki misalin yaro ɗan aji uku a wata firamare a Daura. Malamarsa tana bin layi, kowa ya tashi ya karanta jimla ɗaya daga allo, kuma kullum idan saura mutum biyu a zo kansa sai ya mintsini na kusa da shi, kuka ya tashi, a kore shi waje ya yi kamun kunne a gindin darbejiya. A ganin malamar ta hukunta shi, alhali kuwa ta ba shi abin da yake nema, domin an wuce layinsa, kuma babu wanda ya ji ya kasa karatu. Kowace kora ƙara koya masa take yi cewa mintsini yana aiki. Gyaran irin wannan yana farawa ne da ta kira shi gefe lokacin tara, ba a gaban kowa ba, ta ce masa, “Zo nan ɗana, gobe wannan layin za ka karanta, mu gwada shi yanzu ni da kai.” Idan ya amsa da “To, Malama,” ya tashi gobe ya karanta kalmomi huɗun da ya riga ya sani, buƙatar mintsinin ta ragu. Sauran aikin shi ne a koya masa haruffan da suka wuce shi, da Hausa, daga inda ya tsaya.

Tafiyar da aji

A 1970 wani masani ɗan Amurka, Jacob Kounin, ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi na hotunan bidiyo na azuzuwa masu yawa. Ya gano cewa malaman da ajinsu yake da natsuwa ba su bambanta sosai da sauran ba wajen yadda suke tsawatarwa bayan an yi laifi. Inda suka yi fice shi ne kafin laifin: idonsu yana kan kowane lungu, suna tare ƙaramar fitina tun ba ta girma ba, kuma ba sa barin giɓi tsakanin wannan aiki da wancan. Malamin da ya juya baya yana cika allo da rubutu na minti goma sha biyar ya buɗe wa fitina ƙofa da hannunsa. Zaunar da yaron a gaba kusa da malami, nesa da taga da abokin tsokanarsa, da gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan, da ɗora masa hidima mai motsi kamar share allo ko rabon littattafai, suna rage matsalar fiye da yadda ake zato.

Wani bincike na 1968, na masana Madsen da Becker da Thomas, ya nuna cewa kafa dokoki kaɗai bai canza komai sosai ba, sai da aka haɗa shi da yabon halin kirki da kau da kai daga ƙananan laifuffuka. Yabon da yake aiki shi ne wanda ya ambaci abin da aka yi, nan take: “Madalla, ka ɗaga hannu kafin ka yi magana.” Kau da kai kuwa na laifin neman kulawa ne kawai, bai shafi duka ko abin da zai ji wa wani ciwo ba.

Ga aji mai cunkoso, dabarar da ta fi dacewa ita ce gasar kyawun hali da masana Barrish da Saunders da Wolf suka fara gwadawa a jihar Kansas ta Amurka a 1969. Ana raba aji rukuni-rukuni, a faɗi dokoki biyu ko uku, duk wanda ya karya a ja wa rukuninsa layi a allo, rukunin da layukansa ba su wuce adadin da aka yanka ba ya sami lada, kuma duka rukunonin suna iya cin gasar tare. An sake gwada ta a birnin Baltimore na Amurka daga tsakiyar shekarun 1980, aka bi yaran har suka girma, aka tarar maza masu yawan faɗa da suka yi gasar sun fi takwarorinsu tsira daga shaye-shaye. Ladar ba sai ta kuɗi ba: riga fita tara ko zaɓen waƙar da za a yi ya isa. Wannan ya fi al'adar ba monita takarda ya rubuta sunayen masu surutu, wadda take haifar da gaba da cin hanci na alewa tsakanin yara.

Idan rikici ya riga ya ɓarke, yaro yana ihu ko jifa, abin da ake so shi ne malami ya sassauta murya, ya janye sauran yara, ya rage magana, ya bar shi ya huce. Nasiha ba ta shiga kunnen mai fushi. Bayan ya sauko ne ake zama da shi, kuma hukuncin ya dace da laifin: wanda ya watsar da littattafai ya tattara, wanda ya yaga na wani ya liƙe ya ba da haƙuri.

Batun bulala

Bulala, da tsallen kwaɗo, da durƙuso a rana har yanzu su ne makamin farko a makarantu da yawa, kuma akwai iyayen da suke kawo ɗansu su ce wa malami ya dake shi. Hujjar da ake kafawa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai mai tanƙwara icce a hankali yake yi don kada ya karye. Malaman Musulunci sun daɗe da yin wannan gargaɗi. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware fasali a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibai, tana kashe musu kuzari, tana koya musu ƙarya da yaudara don gudun hukunci, ya kuma kawo maganar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukan Katsina, cewa idan ma dukan ya zama dole kada ya wuce bulala uku. A 2016 masana Gershoff da Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekaru hamsin a kan dukan da iyaye suke yi, wanda ya shafi yara fiye da 160,000, suka tarar yana tafiya tare da ƙarin faɗa da taurin kai da damuwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta wajabta a yi ladabtarwar makaranta ta hanyar da ba ta zubar da mutuncin yaro ba. Duka yana kawo shiru na minti goma, shi ya sa malamin da ya gaji yake komawa gare shi, amma yaron da ake jibga a gida ya riga ya saba, babu abin da dorinar makaranta za ta ƙara masa sai ƙin makarantar.

Iyaye da asibiti

Kiran iyaye yana amfani idan ba a mai da shi zaman kotu ba. Sau da yawa kaka ce take zuwa, kuma malamin da ya fara da gaisuwa, ya ce, “Inna, jikanki yana da kaifin lissafi, so nake ki taimake ni da abin da yake damunsa,” zai ji abin da ba zai taɓa ji ba in da ya fara da jera laifuffuka. Ana iya yin 'yar takarda da yaron zai riƙa kaiwa gida kullum, da alamar da ko wanda bai yi boko ba zai gane, a kan hali ɗaya ko biyu kacal. Kwamitin kula da makaranta da mai unguwa suna shigowa inda matsalar ta yunwa ce ko ta cin zarafi a gida.

Ana kai yaro asibiti idan yana ji wa kansa ko wasu rauni, ko yana azabtar da dabbobi, ko halinsa ya juye farat ɗaya, ko ana zargin farfaɗiya ko matsalar ji da gani, ko kuma an yi zango guda ana ƙoƙari babu sauyi. Babban asibiti na kusa shi ne matakin farko, daga nan a tura shi asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina idan da buƙata. Wurin da bai kamata a kai shi ba shi ne gidan mari. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka fito da mutane da dama, manya da yara, daga wani gidan horo a Daura, wasunsu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da niyyar gyara.

Sauyi yakan ɗauki makonni, kuma a kwanakin farko halin yana iya ƙaruwa, domin yaron yana gwada ko tsohuwar dabararsa tana nan tana aiki. A nan ne malamai da yawa suke sarewa su koma wa bulala. Shafin nan mai layi uku shi ne zai nuna ko ana ci gaba, idan jifa ta sauko daga sau shida a rana zuwa sau biyu. A ƙarshen shekara kuma shafin ne ya kamata a miƙa wa malamin aji na gaba, tare da bayanin wurin zaman da ya fi dacewa da yaron da harafin da ya tsaya a kai.