Muay Thai: Ƙarfin 'Yan Damben Tailan da Malamansu

Muay Thai damben gargajiya ne na ƙasar Tailan, wanda ake yi da naushi da shuri, a kuma haɗa da gwiwa da gwiwar hannu. Shi ya sa ake masa laƙabi da damben gaɓoɓi takwas. Ɗan damben ana kiransa nak muay, malaminsa kuwa kru. An san 'yan damben da taurin ƙwauri da juriya, alhali yawancinsu ba ƙarti ba ne: manyan karawar da ake yi a Bankok galibi tsakanin masu nauyin kilo 48 zuwa 67 ne.

Tarihi

Asalin wasan ya nutse cikin labaran baka, domin rubuce-rubuce da yawa sun salwanta lokacin da sojojin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka ƙone Ayutthaya, babban birnin ƙasar a lokacin, a 1767. Tsohon salon, wanda yanzu ake kira muay boran, sojoji ne ke koyonsa, mutanen ƙauye kuma suna yin sa a bukukuwan wuraren ibada. Ana cewa Sarki Sanphet na Takwas, mai laƙabin Sarki Damisa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1709, yakan ɓad da kama ya shiga fagen ƙauye ya dambata da talakawansa. Labarin da ya fi shahara shi ne na Nai Khanom Tom, fursunan yaƙi da aka ce ya buge 'yan damben Bama goma a jere a gaban sarkinsu wajen 1774. Masana tarihi na ɗaukar labarin da taka-tsantsan, amma har yau ana tunawa da shi duk ranar 17 ga Maris.

A wancan zamani babu safar dambe. Igiya ake naɗewa a hannu, wani lokaci har kusa da gwiwar hannu, abin da ake kira kard chuek. Duk wanda ya san yadda ɗan damben Hausa ke ɗaure hannu zai gane hikimar: igiyar tana kare yatsu, tana kuma yankar fatar abokin karawa. Sarki Chulalongkorn, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, ya ɗaukaka wasan har yana ba gwanaye sarauta. Dandamali mai igiyoyi ya shigo wajen 1921, kuma bayan wani ɗan dambe ya rasu a fage wajen 1928 hukuma ta tilasta sa safa. Daga baya aka tsayar da tsarin rukunin nauyi, da turmi biyar na minti uku-uku, da hutun minti biyu a tsakani.

A Bankok an buɗe filin dambe na Rajadamnern a 1945, sai na Lumpinee a 1956, wanda rundunar sojan ƙasa ke gudanarwa. Zama zakara a ɗayansu shi ne ƙololuwar burin nak muay. Shekarun 1980 zuwa farkon 1990 su ake kira zamanin zinariya.

Tushen ƙarfin jiki

Ƙarfin ba na ɗaga ƙarfe ba ne, na maimaici ne tun ƙuruciya. Da yawa daga cikin zakarun 'ya'yan manoma ne daga Isan, yankin arewa maso gabas mai fama da talauci, kuma sukan fara shiga fage suna da shekara bakwai zuwa goma. Kafin mutum ya kai talatin yana iya yin karawa 200 ko fiye.

A sansanin horo ana atisaye sau biyu a rana, kwana shida a mako. Da asuba gudu ne na kilomita takwas zuwa goma, sai tsallen igiya mai nauyi, sai dukan buhu, sai 'yan turmi na atisaye da malami. Da la'asar a sake, a ƙara da sarƙewa, wato riƙon wuya da kafaɗa irin na kokawa, inda ake neman kayar da abokin karawa ko a narka masa gwiwa a haƙarƙari. Rabin awa ko fiye ake ɗauka ana wannan ba hutu, kuma daga nan ƙarfin wuya da gadon baya ke fitowa. Baƙo mai ƙirar jiki yakan yi mamakin yadda siririn yaro ke juya shi kamar tsumma.

Shuri da ƙwauri ake yi, ba da tafin ƙafa ba. Ɗan damben yana juyawa a kan ƙafar da ya dogara da ita, ya saki ƙugu, ƙafar ta tafi kamar gora. Shekaru ana dukan buhu suna sa ƙashin ya ƙara tauri, jiki kuma ya saba da zafin. A da kututturen ayaba ake shura, don yana da laushin da ba zai karya ƙashi ba. Ana ba da labarin Apidej Sit-Hirun, gwanin shekarun 1960, cewa da shuri ya karya hannuwa biyu na wani abokin karawarsa.

Malami da almajiri

Kalmar kru daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ta samo asali, kuma ita ce ake kiran malamin makaranta da ita. A al'ada yaro yana zuwa da furanni da turare da kyandir ya roƙi a karɓe shi. Idan an karɓe shi, ci da sha da makwanci sun koma wuyan sansanin, shi kuma ya ɗauki sunan sansanin a matsayin sunansa na fage, kuɗin karawa kuma a raba, galibi biyu. Sityodtong, alal misali, ma'anarsa almajiran Yodtong, wato Yodtong Senanan na garin Pattaya, wanda ya rasu a 2013 bayan ya yaye zakaru masu yawa.

Kafin a fara karawa ɗan dambe yana yin wai khru, rawar gaisuwa ga malamai da iyaye, ana busa pi chawa mai amo kamar algaita tare da ganguna. A kansa akwai mongkhon, zagayen zare da malami ne ke ɗora masa, shi ne kuma ke cire masa. A damtse akwai pra jiad, wanda ya yi kama da kambun da 'yan damben gargajiya ke ɗaurawa.

Gwanintar malami a riƙon matasai na fata, waɗanda almajiri ke duka, ake gane ta. Yana ɗaura su a hannuwa, ya ɗaura wani a tumbinsa, ya zama abokin karawa mai rai: ya kai hari, ya kauce, ya share ƙafar almajiri in ya ga tsayuwarsa ta karkace. Magana kaɗan ce, gyaran a jiki ake jin sa. Kusan duk masu wannan aiki tsofaffin 'yan dambe ne, kuma ba lallai zakara ya iya koyarwa ba. Wasu daga cikin malaman da aka fi girmamawa ba su yi suna a fage ba. Malami na ƙwarai yana duba ƙirar yaro kafin ya zaɓa masa salo. Dogo yakan zama muay khao, mai gwiwa. Mai nauyin hannu muay mat. Mai ido da dabara kuwa muay femur, kuma wannan salon ne masana wasan suka fi yabawa. Gwajin juna a sansani wasa-wasa ake yin sa, ba da ƙarfi ba, domin wanda zai shiga fage kusan kowane wata ba zai so ya ji ciwo a gida ba.

Wasu fitattu

Samart Payakaroon, almajirin Yodtong, ya zama zakaran Lumpinee a rukuni huɗu, sannan ya koma damben zamani ya ci kambun hukumar damben duniya ta WBC a 1986 bayan ya doke Lupe Pintor na Meziko. Dieselnoi, dogo mai gwiwa, ya doke Samart a 1982, ya kuma yi ritaya da wuri saboda an rasa mai yarda ya kara da shi a rukuninsa. Somrak Khamsing ya ciyo wa Tailan zinarenta na farko a Olamfik, a damben zamani, a Atlanta a 1996. Buakaw ya lashe gasar damben shuri ta K-1 World MAX a Japan a 2004 da 2006.

A ƙetare

Daga Muay Thai Japanawa suka tsiro da nasu damben shuri a shekarun 1960, Holan kuma ta ɗauka a shekarun 1970. Yanzu tsofaffin zakaru na koyarwa a Singafo da Amurka da Turai, baƙi kuma na tururuwa Phuket da Chiang Mai a Tailan don koyo. Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da IFMA, hukumar Muay Thai ta duniya, cikakkiyar amincewa a 2021.

Taƙaddama

Likitoci a Tailan sun daɗe suna gargaɗi kan illar duka a ƙwaƙwalwar yara, kuma mutuwar wani yaro ɗan shekara 13 a 2018 ta tayar da kiran a hana ƙanana shiga fage. Masu sansani suna cewa abincin iyalai da yawa ke nan. Ana zargin caca da tasiri a kan hukuncin alƙalai. Kambodiya na cewa asalin wasan nata ne, kuma da ta sa masa suna Kun Khmer a wasannin kudu maso gabashin Asiya na 2023 da ta karɓi baƙuncinsu, Tailan ta ƙi tura 'yan dambenta.