Waiwaye: Gardamar gwajin PSA da binciken gawa na 1935 da aka manta da shi

Tun da aka sanar a watan Mayun 2025 cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden na fama da kansar furostet da ta riga ta kai ƙashi, tsohuwar gardama ta sake tashi. Ofishinsa ya ce rabonsa da gwajin jinin da ake kira PSA tun 2014. Nan take aka rabu biyu. Wasu na cewa gwaji ne mai sauƙi, jini kaɗan ake ɗiba, me zai hana a riƙa yi wa duk namijin da ya manyanta kowace shekara? Likitoci da dama kuma na cewa a bi sannu, suna tunatar da cewa shawarar da ake bi a Amurka ita ce kada a riƙa yi wa lafiyayyen da ya kai shekara 70 wannan gwaji. Wanda ya shigo zancen yau sai ya ɗauka rowa ce ko sakaci. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin wannan ya girmi shi kansa gwajin da shekaru sama da arba'in.

Sau da yawa za ka ji an ce "kansar mafitsara" alhali furostet ake nufi, kuma gaɓoɓi ne biyu daban. Furostet wani ƙullutun nama ne da bai kai ƙwan kaza ba, yana zaune a ƙarƙashin mafitsarar namiji, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. Yawancin maza idan shekaru suka ja sai ya ƙara girma ya matse bututun: fitsari ya koma ɗis-ɗis, mutum ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare. Wannan kumburin tsufa ne, ba kansa ba. Ita kansar galibi daga gefen ƙullutun take farawa, nesa da bututun, shi ya sa takan daɗe ba ta nuna ko alama ɗaya ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1853 wani likitan tiyata a Landan, John Adams, ya bayyana cutar a rubuce, ya ɗauke ta abin da ba kasafai ake gani ba. A 1904 Hugh Young ya cire furostet ɗungurungum a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. A 1941 Charles Huggins ya nuna cewa kansar da sinadarin mazakuta take rayuwa, in aka yanke mata shi sai ta lafa ko da ta bazu, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. A 1966 ɗin ce kuma Donald Gleason ya fito da ma'aunin da har gobe ake auna zafin kansar da shi.

Tsakanin Young da Huggins akwai shekarar da ba a cika ambata ba, 1935. A asibitin nan na Johns Hopkins akwai wani likita mai suna Arnold Rich, wanda aikinsa binciken gawa ne da duban tsoka a ƙarƙashin madubin likita. Ya bi diddigin gawarwaki 292 na mazan da suka kai shekara 50 zuwa sama, waɗanda cututtuka iri-iri suka yi ajalinsu. Daga kowace gawa an yanko ɗan siririn nama na furostet, an shimfiɗa a kan gilashi, an rina shi da launi don ƙwayoyin su fito. A cikin 41 daga cikinsu, wato kashi 14 cikin 100, sai ga kansa. Kusan biyu cikin uku na waɗannan mutane sun rayu sun mutu babu likitan da ya taɓa zargin suna ɗauke da ita. Wani abu daban ne ya kai su kushewa, kansar tana zaune shiru a gefe, wata ma ba ta wuce ƙwayar tsakuwa ba.

Adadin ma kaɗan ne daga abin da ke ciki, don yanka guda ba zai nuna duk abin da ƙullutun ya ƙunsa ba. A shekarar dai wani likitan, Robert Moore, ya ba da rahoton abin da ya yi kama da haka. Da Leonard Franks ya maimaita aikin a Ingila a 1954, yana yanka furostet falle-falle daga wannan gefe zuwa wancan, sai adadin ya tashi zuwa wajen mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 50. Daga baya, a farkon shekarun 1990, masu bincike a birnin Detroit suka duba gawarwakin mazan da suka mutu da sauran ƙuruciyarsu. Sun sami 'yan ɗigon kansa a kashi 27 cikin 100 na 'yan shekara talatin da wani abu, da kashi 34 na 'yan arba'in da wani abu.

A tsaya a auna wannan da adadin masu mutuwa. A ƙasashen da ake da cikakken lissafi, mazan da kansar furostet ke kashewa ba su wuce biyu zuwa huɗu cikin ɗari ba. Ke nan kalmar "kansa" ta rufe abubuwa biyu da suka yi kama a ƙarƙashin madubi amma halinsu ya sha bamban. Akwai mai gudu, wadda ke tsallakawa zuwa ƙashin baya da na ƙugu ta kashe mutum cikin azaba. Akwai kuma mai barci, wadda mai ita zai tsufa ya mutu da ita ba ta taɓa ce masa uffan ba. Ta biyun ta fi ta farkon yawa nesa ba kusa ba.

A zamanin Rich wannan sani bai dami kowa ba, don babu abin da za a yi da shi. Likita yatsa kawai gare shi, yana sa shi ta dubura ya lalubo tauri, kuma kansar da ta yi girman da yatsa zai ji ta galibi mai gudu ce. Mai barcin sai a teburin gawa ake haɗuwa da ita. Don haka aka ajiye binciken a matsayin abin mamaki na ɗakin gwaji, bincike ya karkata ga yadda za a gano cutar da wuri da yadda za a cire ta. Tambayar da gawarwakin nan suka jefa, wato ta yaya za a bambance mai barci da mai gudu a jikin rayayye, ita aka bari a baya. A ganina duk hayaniyar yau daga wannan giɓin ta fito.

Sai kayan nema suka iso kusan a tare. A 1979 masu bincike a birnin Buffalo suka tace PSA, wani sinadari da furostet ke samarwa wanda ake iya aunawa a jini, daga tsokar furostet. A 1986 Amurka ta amince a riƙa auna shi don bibiyar wanda aka riga aka san yana da cutar, a 1994 kuma aka amince da shi wajen neman ta a jikin wanda bai da wani ƙorafi. A tsakanin nan aka sami allura mai harbi da ke cafko siririn nama cikin ƙiftawar ido, aka haɗa ta da na'urar hoton ciki, aka kuma fara tsira ta wurare shida a jere ko da ba a ga komai ba, daga baya aka kai sha biyu. Wanda ya san abin da Rich ya gani zai iya hasashen sakamakon: in ka riƙa laluben ƙullutun da ɗaya cikin uku ke ɗauke da ɗigon kansa, za ka yi ta samu. Adadin masu cutar a Amurka ya yi tashin gwauron zabo, ya kai ƙololuwa a 1992.

Shi kansa PSA ba ya cewa kansa ce. Kumburin tsufa na ɗaga shi, ciwon sanyin mafitsara na ɗaga shi. An ɗauki lamba 4 a matsayin iyaka, amma cikin waɗanda nasu ya faɗa tsakanin 4 da 10, wajen uku cikin huɗu ba a samun komai idan an tsira musu allura. A 2004 kuma wani bincike kan maza 2,950 da nasu bai wuce 4 ba ya sami kansa a kashi 15 cikin 100. Gaba kura, baya sayaki.

Mutumin da aka ce masa "kana da kansa" ba ya jin sauran bayanin. Abin da yakan ce shi ne, "Likita, a cire min ita kawai." Tiyata da gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, kuwa suna da kuɗin fito: jijiyoyin da ke riƙe fitsari da masu tayar da gaba manne suke da furostet. Ko bayan da Patrick Walsh ya fito da dabarar kauce wa jijiyoyin a 1982, maza da yawa kan fito da raunin mazakuta, wasu da yoyon fitsarin da sai sun riƙa sa ƙunzugu. Ga wanda tasa mai gudu ce, wannan ciniki ne mai riba. Ga mai ɗauke da irin ta teburin Rich, asara ce tsagwaronta, kuma ba zai taɓa sani ba, don zai ɗauka an ceci ransa.

A watan Maris na 2009 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito a rana ɗaya. Na Amurka, mai maza kusan 77,000, bai ga bambanci a mace-mace ba, sai dai yawancin waɗanda aka ware don kada a gwada su sun je sun yi gwajin da kansu, abin da ya dagula lissafin. Na Turai, mai maza 162,000 'yan shekara 55 zuwa 69, ya ga raguwar mutuwa da kashi 20 cikin 100. Gwajin yana ceton rai ke nan, wannan ba abin musu ba ne. Amma bayan shekara 16 ana bibiya, lissafin ya nuna sai an gayyaci maza 570 an kuma sanya wa 18 sunan masu kansa kafin a hana mutuwar mutum ɗaya. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Kwamitin ƙwararru na Amurka ya ba da shawarar a daina gwajin a 2012, a 2018 ya sassauta ya ce ɗan shekara 55 zuwa 69 ya zauna da likitansa su yanke.

Sai a 'yan shekarun nan bincike ya koma kan tambayar da aka bari. Wani gwaji a Birtaniya ya raba maza 1,643 masu kansar da ba ta bazu ba gida uku: tiyata, gashi, da sa ido kawai. Bayan shekara 15, wajen kashi 97 cikin 100 a kowane rukuni cutar ba ta kashe su ba, ko da yake ta fi bazuwa a rukunin sa ido, kashi 9 a kan kashi 5. Hoton cikin jiki na MRI kafin allura, wanda wani gwaji na 2018 ya nuna yana kuɓutar da sama da mutum ɗaya cikin huɗu daga tsirar, ya fara maye gurbin lalube cikin duhu. Har ma wasu likitoci na neman a cire kalmar "kansa" daga mataki mafi sanyi na ma'aunin Gleason, wasu na cewa in aka yi haka mutane za su daina zuwa bibiya.

Akwai kuma giɓin da bai rufu ba. Yawancin waɗannan alƙaluma daga jikin Turawa aka samo su, alhali a Birtaniya baƙar fata ɗaya cikin huɗu ne ke kamuwa da cutar a rayuwarsa, ninki biyu na sauran maza. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ma matsalar a juye take: yawanci sai ciwon ƙashi ko toshewar fitsari ta kawo mutum asibiti, lokacin da mai gudu ta riga ta yi nisa. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa sababbin masu kamuwa za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040. Wani sabon gwaji da aka tsara a Birtaniya, mai suna TRANSFORM, na shirin ɗaukar maza har 300,000, ya haɗa PSA da MRI da gwajin ƙwayoyin gado, kuma ɗaya cikin kowane goma da za a gayyata zai kasance baƙar fata. Cikakken sakamakonsa sai an shafe shekaru ana jira.