Me ake nufi da "talla ba izini" a jarida?

Ka sayi jarida a bakin danja, kana buɗewa sai wata 'yar takarda mai sheƙi ta faɗo kan cinyarka: maganin ciwon suga, sha kwana bakwai ka rabu da shi, ga lambar waya a ƙasa. Mai karatu zai ɗauka da sanin masu jaridar ta shigo. Wani lokaci kuwa ba su ma san da ita ba, mai maganin ne ya ba mai sayar da jarida na goro ya cusa ta tsakanin shafuka.

Wannan ita ce ma'anar farko ta talla ba izini, wato wadda mai jarida ko mujalla bai yarda da ita ba. A jihar Kaliforniya ta Amurka ba a ɓoye mata suna ba: sashe na 538c na kundin hukunta laifuka ya kira ta satar hidimar talla, ƙaramin laifi ne amma ana hukunci a kansa. Ni dai sunan ya yi mini daidai. Da kuɗin talla jarida ke sayen takarda da tawada, ta biya ma'aikata. Mai cushe ya hau mota bai biya ba, ya kuma ari mutuncin da wasu suka yi shekaru suna ginawa ya sayar da hajarsa.

A Najeriya akwai izini na biyu, na hukuma. Wata dokar 2022 ta kafa ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, a madadin tsohuwar hukumar, APCON, da aka kafa tun 1988, kuma tallar kaya sai ta bi ta gaban kwamitinta na tantancewa kafin ta fito, ko da mai jarida ya karɓi kuɗi ya ba da shafi. In magani ne ko abinci, sai kuma NAFDAC ta sa hannu. A Oktoban 2022 ARCON ta maka Meta, mai Facebook, a kotu tana neman naira biliyan 30 kan tallace-tallacen da ba a tantance ba.

'Yar takardar can ta maganin suga ta tsallake izinin duka biyun. Abin da ke ci mini rai shi ne dattijon da zai gan ta cikin jaridar da ya amince da ita, ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta masa, ya ɗauki waya ya buga lambar.