Dick Tiger, zakaran damben zamani na duniya

Dick Tiger, wanda sunansa na asali Richard Ihetu, ɗan damben zamani ne ɗan Najeriya da ya riƙe kambun duniya sau uku a ajin nauyi biyu tsakanin 1962 da 1968. An haife shi ranar 14 ga Agusta 1929 a garin Amaigbo na ƙasar Ibo, wanda yanzu yake cikin jihar Imo, ya kuma rasu ranar 14 ga Disamba 1971. A dambensa na neman kuɗi ya yi karawa 82, ya ci 60, an cinye shi a 19, an tashi canjaras a 3. Yawan faɗuwar nan ba abin da aka saba gani ba ne a tarihin manyan zakaru, kuma shi ne ya bambanta shi da su, domin sai da ya kai shekara 33 ya fara ɗaukar kambun duniya, lokacin da yawancin sa'o'insa suka fara tunanin ajiye sana'ar.

Tsarin damben da ya yi

A Maraɗi da kewayenta, inda aka fi sabawa da kokowa da damben gargajiya, ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare ya kare kansa da ɗayan, ana yin turmi uku, kuma da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Damben zamani ya saɓa da wannan ta fuskokin da suka shafi tarihin Tiger kai tsaye. Ana naushi da hannu biyu cikin safa mai kauri, kowane turmi minti uku ne da hutun minti ɗaya, kuma a zamaninsa karawar kambun duniya tana kai wa turmi 15. Wanda aka kayar yana da damar tashi kafin alƙalin wasa ya ƙirga goma, idan kuma aka kai ƙarshe kowa yana tsaye, makin alƙalai ne ke raba gardama. Haka nan ana auna ƴan dambe a sikeli kafin a haɗa su: ajin matsakaita, inda Tiger ya fi daɗewa, iyakarsa kilo 72 da rabi, ajin da ke samansa kuwa kilo 79 da ƴan kai.

Ingila da Amurka

Ya fara damben kuɗi a Najeriya a farkon shekarun 1950, sannan ya tafi birnin Liverpool na Ingila a 1955, inda ɗan damben ƙasarsu Hogan Bassey ya riga shi zama. Bai shiga da ƙafar dama ba, domin karawarsa huɗu na farko duk cinye shi aka yi. Sunansa ya fara fitowa a 1957 da ya doke Terry Downes, matashin da Ingila take ji da shi, a 1958 kuma ya buge Pat McAteer ya karɓi kambun ƙasashen daular Birtaniya. A 1959 ya koma Amurka, inda kuɗin dambe da manyan abokan karawa suke.

Salonsa ba na rawa da zille-zille ba ne. Gajere ne kakkaura, tsawonsa kimanin mita 1.73, yana matsawa gaba a hankali, ya jira abokin karawa ya kawo naushi sannan ya mayar masa, musamman da hannun hagu da kuma duka a haƙarƙari. Wanda ya tsaya ƙirji da ƙirji da shi yakan sha wuya. Wanda ya iya ja da baya yana tsokanarsa daga nesa kuwa yakan tara maki ya cinye shi. Kusan dukan manyan faɗuwarsa daga wannan kafa suka shigo.

Kambun duniya da karawar Ibadan

Ranar 23 ga Oktoba 1962, a San Francisco, ya cinye Gene Fullmer da maki bayan turmi 15, ya ɗauki kambun matsakaita na hukumar damben duniya ta WBA. Sun sake haɗuwa a Las Vegas a Fabrairun 1963 aka tashi babu kisa, kambu ya zauna a hannunsa. Karawa ta uku ita ce ta shiga tarihi, domin an kawo ta filin wasa na Liberty da ke Ibadan ranar 10 ga Agusta 1963, karo na farko da aka yi damben kambun duniya a Afirka ta Yamma, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su kara a Kinshasa. Kafin nan, zakarun yankin a ƙasar waje suke cin kambunsu: Battling Siki ɗan Senegal a Paris ya doke Georges Carpentier a 1922, Hogan Bassey ma a Paris ya ci nasa a 1957. Tiger ya yi wa Fullmer dukan da ya sa aka tsayar da wasa bayan turmi na bakwai, kuma daga ranar Fullmer bai sake dambe ba.

Wata huɗu kacal bayan haka Joey Giardello ya raba shi da kambun a Atlantic City ta hanyar nan ta ja da baya da tara maki. Sai da Tiger ya yi kusan shekara biyu yana bin sawun ramuwa, a cikinta ya lallasa Rubin Carter a Mayun 1965, kafin ya karɓo kambun daga Giardello ranar 21 ga Oktoba 1965 a zauren Madison Square Garden na New York. A Afrilun 1966 Emile Griffith, wanda ya hauro daga ajin da ke ƙasa, ya karɓe shi da hukuncin alƙalai da ya jawo ce-ce-ku-ce.

A nan ne ya yi abin da ya fi kowane ɗaga darajarsa a idon masana dambe. Yana da shekara 37, maimakon ya haƙura, sai ya haura ajin kilo 79, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da nauyi, ya cinye José Torres ɗan Puerto Rico ranar 16 ga Disamba 1966. Ya sake cinye Torres a Mayun 1967, ya kuma buge Roger Rouse a ƙarshen shekarar. Ranar 24 ga Mayu 1968 ya haɗu da Bob Foster, dogo mai mita 1.91, wanda ya kwantar da shi da naushin hagu a turmi na huɗu har aka ƙirga goma. Ko bayan wannan bai tsaya ba. A Oktoban 1968 ya cinye Frankie DePaula a wata karawa da kowannensu ya kai ɗan uwansa ƙasa sau biyu, wadda mujallar The Ring ta zaɓa a matsayin karawar shekara. Da a filin damben gargajiya ne, da tun faɗuwar farko an tashi. A 1969 ya doke Nino Benvenuti ɗan Italiya, wanda yake riƙe da kambun matsakaita a lokacin, sai dai ba a sa kambun a cikin wasan ba.

Yaƙin basasa da ƙarshen rayuwarsa

Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya faɗo daidai lokacin da yake kan ganiyarsa. Ya goyi bayan Biyafara a fili, an ba shi muƙamin laftana a rundunarta, a 1969 kuma ya mayar wa Birtaniya lambar girma ta MBE da ta ba shi, don nuna fushinsa kan taimakon da take yi wa gwamnatin tarayya. Yaƙin ya cinye akasarin dukiyar da ya tara a gida, abin da ya sa ya ci gaba da shiga fili yana da shekara 40. Karawarsa ta ƙarshe a Yulin 1970 ce, inda Griffith ya sake cinye shi da maki.

Bayan ya ajiye dambe ya yi aikin gadi a wani gidan tarihi a New York, har likitoci suka gano yana da ciwon daji na hanta. Gwamnatin Najeriya ta ba shi izinin komawa gida a 1971, ya rasu a can yana da shekara 42. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon ɗan damben shekara sau biyu, a 1962 da 1965, a 1991 kuma aka shigar da sunansa zauren karrama fitattun ƴan damben duniya da ke Canastota a jihar New York.