Jami'ar Musulunci ta Madina da ɗalibanta baƙi

Jami'ar Musulunci ta Madina jami'ar gwamnatin Saudiyya ce da aka kafa a shekarar 1961, wato 1381 bayan Hijira, da umarnin Sarki Sa'ud. Ta sha bamban da yawancin jami'o'i, domin tun farko saboda baƙi aka gina ta, kuma mafi yawan ɗalibanta 'yan ƙasashen waje ne daga Afirka, Asiya, Turai da sauran sassan duniya. Shugabanta na farko shi ne Muftin Saudiyya na lokacin, Shaikh Muhammad bin Ibrahim, mataimakinsa kuwa Shaikh Abdul'aziz bin Baz, wanda daga baya ya gaje shi a shugabancin jami'ar. Cikin malaman farko akwai Muhammad Nasiruddin Albani, masanin hadisi, da Muhammad Amin Shinƙiɗi, ɗan asalin Muritaniya.

Da tsangayar Shari'a ta fara. Sai aka ƙara ta Da'awa da Usuluddini, ta Alƙur'ani, ta Larabci da ta Hadisi. Tsangayoyin kimiyya, injiniyanci da kwamfuta sun zo ne can baya.

Ana shiga ne ta hanyar gurbin karatu kyauta da ɗalibai ke kira minha. Mai nema yakan gabatar da takardar sakandare, fasfo, shaidar lafiya da wasiƙar tazkiyya daga malami ko cibiya sananniya. Wanda ya dace ba ya biyan kuɗin makaranta, yana samun masauki, tikitin jirgi na zuwa gida hutu, da alawus na wata-wata mai suna mukafa'a. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma suna riƙe gwauro mai tattali. Mai iyali ne ke jin jiki.

Babban shingen sabon ɗalibi shi ne harshe. Wanda Larabcinsa bai nuna ba sai ya yi kimanin shekara 2 a cibiyar koyar da Larabci kafin ya shiga tsangaya. Ko wanda ya sha littafin nahawu na Ajurumiyya a zaure yakan yi turus ranar farko a kasuwa, saboda Larabcin 'yan tasi da masu shago ba na littafi ba ne. Karatu kuma ba a aji yake ƙarewa ba: bayan Magariba ɗalibai kan cika halƙoƙin malamai a Masallacin Annabi, wasu ma suna ganin nan ne rabin amfanin zaman Madina.

Tasirinta a ƙasar Hausa ba ɓoyayye ba ne. Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, a tsangayar Alƙur'ani ya yi karatu, Dakta Sani Umar Rijiyar Lemo kuma a ta Hadisi. Masu suka na cewa jami'ar ta zama hanyar yaɗa aƙidar Salafiyya a duniya, kuma saɓanin da ke tsakanin ɗalibanta da malaman ɗariƙu a Najeriya da Nijar yana da alaƙa da wannan.